Yadda ake ɗaukar hoton tsofaffin gidajen birnin Zariya

Akwai wani zaure da na shekara da shekaru ina wucewa ta gabansa idan na shiga birni ta Ƙofar Doka. A saman ƙofarsa magini ya fitar da surar keke da ƙasa, har da sarƙa da ƙararrawa, gefe da gefe kuma takubba biyu. Kullum in na wuce sai in ce ranar da na sami sukuni zan tsaya in ɗauka. Wata damina ta zo ta wuce, na dawo daga tafiya, na tarar da shago na bulo mai ƙofar ƙarfe a wurin. Na tambayi wani jikan gidan ko suna da hotonsa, ya ce ba wanda ya taɓa tunanin ɗauka. Abin ya daɗe yana cina. Tun daga nan nake yawo da waya a aljihu da ɗan littafi, kuma abin da na koya a wannan yawo shi zan shimfiɗa a nan. Ba sai kana da babbar kamara ba, wayar hannunka ta isa in ka san inda za ka tsaya da lokacin da za ka zo.

Fara da zuwa hannu rabbana

Zuwan farko kada ka ɗauki komai. Je ka kalli gidan, ka koyi kiran sassansa da sunayensu, domin wanda bai san sunan abu ba da wuya idonsa ya tsaya a kansa.

Tsaya daga nesa ka fara daga sama. Ƙahonnin nan da ke tsaye a kusurwoyin soro su ne zankwaye. Bangon da ya ɗan ɗara rufi ya kewaye shi, rawani ke nan. Bututun da ya leƙo daga jikin rawani yana zubar da ruwan sama nesa da bango shi ne indararo, kuma ka lura da shi da kyau, don yawancin gidajen da suka faɗi daga nan ciwonsu ya fara: indararo ya toshe ko ya karye, ruwa ya riƙa bin bango yana cin gindinsa. Sauko da ido ƙasa, za ka ga bangon ya fi kauri a gindi, yana sirancewa yana hawa. Da tubali aka ɗora shi, wato curin ƙasa mai siffar ƙwai da ake busarwa a rana, a jera shi tsaye a cike tsakaninsa da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Idan ka sami wurin da yaɓe ya zube, za ka ga tubalan a jere kamar haƙora. Fatar bangon kuma ko dai makuba ce, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, mai ba da launin ja mai duhu, ko laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, ko kuma siminti da aka shafa daga baya. A ƙasa can ga dakali, wurin zaman dattawa da hantsi.

Sai zane. Magina suna fitar da shi ne tun yaɓe yana ɗanye, da hannu da ɗan abin kankara, daga nan ma aka samo maganar nan ta tun ran gini ran zane. Za ka ga dagi, da layuka masu sarƙe da juna irin na aikin wuyan babbar riga, da takobi, da allo. A gidajen da aka ƙawata wajen shekarun 1950 zuwa 1960 kuma, musamman na 'yan kasuwa, har keke da mota da agogo da jirgin sama ake fitarwa. Mai gida yana gaya wa duk mai wucewa abin da Allah ya hore masa ne, da abin da ya gani a zamaninsa.

Izini

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne nauyi, kuma shi matasa suka fi tsallakewa. Gidan nan da kake kira na tarihi, gidan mutane ne, da matansu da 'ya'yansu a ciki. Kafin ka ɗaga waya a unguwa, nemi mai unguwa. Tafi da wani ɗan unguwar in kana da shi, ka durƙusa ka gaida shi yadda ya kamata, ka faɗi sunanka da na mahaifinka da unguwarku. Ka ce, “Ranka ya daɗe, ina son in ɗauki hoton tsofaffin gine-gine ne don kada su ɓace ba a san kamanninsu ba.” Sau da yawa shi zai haɗa ka da yaro ya kai ka, har ya tuna maka da gidajen da ba ka san da su ba.

A ƙofar gidan yi sallama ka jira. In an ce mai gida ba ya nan, koma ka dawo, kada ka karɓi izini daga bakin yara. In ya fito, bayan gaisuwa ka gaya masa abu uku ba tare da ɓoye-ɓoye ba: me za ka ɗauka, ina za ka sa hoton, kuma za ka kawo masa nasa. Mutane suna da dalilin ɗari-ɗari. Wani yana tsoron ko daga wata hukuma kake ana shirin faɗaɗa hanya, wani gidan gado ne ana cikin rigimar rabonsa, wani kuma kunya yake ji don bangon ya tsage, yana ganin tallar talaucinsa za ka yi a Facebook. Wani dattijo ya taɓa ce mini, “Yaro, ka bari sai mun yi yaɓe mana, yanzu ai gidan ba shi da riga.” Na ce, “To Baba, Allah ya kai mu.” Na koma bayan wata biyu, ya sa aka share ƙofar gida, ya sa rawaninsa ya zauna a dakali. In aka ce a'a, ka yi godiya ka tafi, kada ka zagaya ka ɗauka a sace.

Iyakar namiji baƙo zaure ne, sai fa in mai gida da kansa ya wuce da kai shigifa. Fadar Zazzau kuwa da masallatai da gidajen masu sarauta, nemi izini daga masu kula da wurin, ka kuma kauce wa lokutan salla. Zariya gari ne mai barikokin soja da makarantun horar da su, don haka kada kamararka ta fuskanci wajensu ko shingen jami'an tsaro. Jirgin nan marar matuƙi da ake ɗaukar hoto da shi daga sama, doka ta ce sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Ko da izinin ma, a cikin birni tsakar gidajen mutane zai leƙa, ni ban ga alherinsa ba.

Rana ce mai zanen, kai mai jira ne

Za ka ji ana cewa hoto sai da sassafe ko da yamma liƙis. Gaskiya ne ga launi, amma zanen bango yana da nasa hukunci. Zane tudu da kwari ne, inuwa ce ke fito da shi. Idan rana ta haska bango gaba da gaba, sai zanen ya baje ya zama kamar ba komai. Abin da kake nema shi ne hasken da ke shafar bango ta gefe ko ta sama, kamar yadda hannu ke shafa shi.

Don haka fara sanin inda gidan ya fuskanta. Manhajar alƙibla da ke wayarka za ta nuna maka gabas da yamma. A Zariya rana tana kaiwa tsaka wajen ƙarfe 12:30. Bangon da ya kalli gabas, launinsa ya fi kyau daga 7 zuwa 9 na safe, amma zanensa ya fi fitowa wajen 11 zuwa 12, lokacin da haske ke gangarowa daga sama yana ajiye inuwa a ƙarƙashin kowane layi. Wanda ya kalli yamma, zanensa daga 1 zuwa 2 na rana, launinsa kuma bayan la'asar. Wanda ya kalli kudu, naka ne daga Oktoba zuwa Fabrairu, da safe ko da yamma, don a watannin nan rana tana karkata kudu. Wanda ya kalli arewa shi ne mai wuyar sha'ani: duk tsawon sanyi yana cikin inuwa, sai daga Mayu zuwa Yuli rana ke leƙa shi sosai. In gidan da kake so arewa ya kalla, rubuta shi a littafi ka jira watansa.

Hazo kuma abokin gaba ne ta wani gefen, aboki ta wani. Daga Disamba zuwa Fabrairu sama takan yi fari fat, zankwaye su rasa shuɗin da zai fito da su. A irin ranakun nan rage sama a cikin hoton, ka matsa kusa ka ɗauki ƙofofi da fatar bango, don hasken hazo mai laushi ne, ba ya ƙona wuri. Lokacin da na fi so shi ne ƙarshen damina, Oktoba zuwa farkon Nuwamba: sama ta wanku, ƙura ba ta taso ba, rimayen birni suna da ganye, kuma duk ɓarnar da ruwa ya yi tana nan a fili ba a rufe ta ba.

Tsayuwa da riƙon waya

Goge idon kamara da gefen rigarka mai laushi, ƙurar Zariya ba ta raina kowa. Shiga saitin kamara ka kunna layukan nan da ke raba fuskar waya gida tara.

Kuskuren da kowa ke yi shi ne ya tsaya dab da gida ya ɗaga waya sama don zankwaye su shiga. Sai gidan ya fito kamar zai faɗi ta baya. Maganinsa ja da baya. Tsallaka hanya, ka riƙe waya a miƙe daidai ƙirjinka, ba ta kallon sama ba ta kallon ƙasa, in ya yi nisa ka jawo shi kusa da lamba 2 da ke fuskar kamara. Guji lamba 0.5 mai faɗaɗa hoto a waje, tana lanƙwasa gefuna. In lungu ya matse ba wurin ja da baya, tsaya a kusurwa ka ɗauki gidan ta gefe, ko ka hau dakalin maƙwabci da izininsa.

A nan akwai abin da ya kamata mai ɗaukar ginin ƙasa ya sani. Bangon da kansa a karkace yake, tun da gindinsa ya fi kansa kauri. Kada ka zo gyara hoto ka miƙar da shi kamar ginin bulo, ka ɓata abin da magini ya yi da gangan. In kana son ma'aunin miƙewa, dubi gefen ƙofa.

Taɓa jikin bango a fuskar waya ka danne har haske ya kulle, sannan ka ɗan rage shi kaɗan. Ja na makuba yana fita sosai in hoto bai yi fau ba. Kuma ka bar launi yadda Allah ya yi shi. Ƙasar wata unguwa ta fi ta wata ja, wannan ma bayani ne, kada ka shafe shi da kayan kwalliyar waya.

Kowane gida, bi wannan tsari don kada ka koma gida ka tarar ka manta rabi. Fara da hoton lungu gaba ɗaya, gidan a tsakanin maƙwabtansa, da bishiya ko rijiya ko masallacin da ke kusa. Sai fuskar gidan gaba da gaba, kana tsaye daidai tsakiyar ƙofa. Sai kusurwa ta dama da ta hagu. Daga nan matso: ƙofa ita kaɗai da ƙyaurenta, zanen da ke samanta, zanko ɗaya, indararo, taga. Ƙarshe ka ɗauki ciwon gidan, wato tsaga, da gindin da ruwa ya ci, da wurin da aka toshe da siminti. Jingina sanda mai tsawon mita 1 a jikin bango a hoto ɗaya ko biyu, don mai kallo ya san girman abin. Wayoyin lantarki da fastocin 'yan siyasa da babur da aka jingina, in za ka iya kauce musu da taku biyu ka kauce, in ba hali bar su, su ma shaidar zamani ce.

Yara za su taru, wannan ba makawa. Kada ka kore su da tsawa. Ka ce su tsaya bayanka su ga yadda ake yi, in ka gama ka nuna musu. Hoton yaran mutane kuwa kada ka sa a intanet ba da sanin iyayensu ba.

Cikin zaure

Cire takalmi, ka shiga, ka tsaya shiru har idonka ya saba da duhu, sannan ka ɗaga kai. A nan gwanintar take. Azara, wato tsagin giginya da gara ba ta cika ci ba, ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa in tazara ta wuce wajen mita 2. To yaya aka yi zaure mai faɗin mita 5 ko fiye ba ginshiƙi a tsakiya? Magini yakan dasa azara a jikin bango ta leƙo ciki, ya ɗaura wata a kanta da igiya ta ƙara leƙowa, daga bango biyu masu fuskantar juna, hawa-hawa, har su haɗu a sama, sannan a lulluɓe da ƙasa. Shi ne bakan gizo. Idan bakuna suka gitta juna a tsakiya, an sami ɗaurin guga, kamar sandunan da ake gittawa a bakin gugan rijiya. A mahaɗarsu sau da yawa za ka ga an manna tasa ko faranti mai fure. Tsakanin bakunan kuma dubi yadda aka jera azara, wani wuri a miƙe, wani wuri kamar ƙashin kifi.

Wanda ya kai wannan fasaha ƙarshenta shi ne Babban Gwani Malam Mika'ilu, wanda ake kira Muhammadu Durugu, maginin da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Har yau akwai unguwa mai sunansa a cikin birni. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar la'asar, wani sashe na masallacin ya rufta, aka rasa rayuka. Allah ya jiƙansu da rahama. Wanda ke son sanin yadda sashen nan yake a da, sai dai ya koma ga hotuna da awon da masana suka yi, ko ya je Jos, inda aka gina kwatankwacin masallacin a gidan adana gine-ginen gargajiya. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka abin da hoto ke riƙewa.

Ga yadda za ka ɗauki rufin. Kashe filasha, tana kashe inuwa ta bar bango fari kamar alli. Roƙi a buɗe ƙyaure duka, a ɗage asabari. Shimfiɗa hankici a ƙasa daidai ƙarƙashin mahaɗar bakuna, saita ƙidayar daƙiƙa 10, danna, ka kwantar da wayar idon kamara yana kallon sama, ka koma gefe. Da yake wayar ba ta motsi, hoton zai fito garau ko da haske kaɗan ne. Nan ne kawai lamba 0.5 ke da amfani, don ta kwaso rufin duka. Ɗauki uku, kana ɗan juya wayar, har layukan bakuna su daidaita da gefunan hoto. Don ɗaukar bango kuma, jingina kafaɗa a jikin ƙofa, ka riƙe numfashi, ka bar ƙofar waje a bayanka, in ba haka ba haskenta zai mayar da komai baƙi. In wani lungu ya yi duhu da yawa, sa wani ya riƙe farin zane a bakin ƙofa ya maido da hasken rana ciki.

Kafin ka daɗe a ciki, dubi lafiyar rufin. In ka ga azara ta lotsa, ko garin ƙasa na zubowa, ko danshi ya yi taswira a sama, musamman a watan Agusta, ɗauka daga bakin ƙofa ka fita. Kada ka hau soro, kada ka ɓantari yaɓe don ganin tubali.

Ke kuma 'yar'uwa mai sha'awar wannan aiki, kina da ƙofar da ba mu da ita. Cikin gida akwai ɗakunan tsofaffi masu jeren kwanuka da tasoshi, da gadon ƙasa, da rumbu, da murhu, da zanen da ke kewaye da ƙofar ɗaki. Kusan duk hotunan da ake da su na waje ne, don maza ne suka ɗauka. Gaida uwargida, ki zauna ki sha ruwa, ki nemi izinin ɗaukar ɗaki da kaya ban da fuskoki, ki kuma nuna mata kowane hoto kafin ki fita.

Tambaya da ajiya

Hoton da ba bayani rabin aiki ne. Kafin ka tashi daga dakali tambayi mai gida: wa ya gina, a zamanin wane sarki, wace sana'a ake yi a gidan, yaushe aka yi yaɓen ƙarshe, wa ya yi zanen. Dattawa ba su cika riƙe shekara ba, amma za su ce maka zamanin Sarki Ja'afaru ne, ko shekarar da aka naɗa Sarki Shehu Idris, ka ga na biyun ka san 1975 ke nan. Rubuta yadda aka faɗa maka, ka kuma rubuta wanda ya faɗa. In an nuna maka tsohon magini a unguwar, ajiye komai ka je ka gaishe shi, ka buɗe masa hotunan ya riƙa kiran sunan kowane zane. Sun yi ƙaranci ƙwarai.

Da ka koma gida, a daren nan, buɗe wa kowane gida jakarsa, ka sa mata sunan unguwa da kwanan wata. Ajiye kwafi a wuri biyu, waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta. In za ka tura wa wani ta WhatsApp, tura a matsayin dokumen don kada ya matse hoton ya zubar da ƙananan layukan zane. Wanda za ka sa a intanet, ambaci unguwa kawai, ka kashe alamar da ke nuna ainihin wurin, kada ka sa sunan mai gida sai ya yarda.

In kana neman inda za ka fara, shiga ta Ƙofar Doka ko Ƙofar Kuyambana ka bi lungunan Kwarbai da Juma da Ƙaura da Limancin Kona da ƙafa, ka duba ragowar ganuwa ta wajen Ƙofar Gayan da Ƙofar Kona. Tudun Wada akwai gidajen 'yan kasuwa masu zanen siminti da fenti. A Wusasa, kusa da dutsen Kufena, akwai cocin da aka gina da ƙasa a 1929 bisa tsarin ginin Hausa, da bakunansa, shi ma ka nemi izinin masu kula da shi. Kada ka ce za ka gama unguwa a yini ɗaya. Gida biyu sun isa.

Cikin mako guda ka je wurin masu wanke hoto ka fitar da biyu mafi kyau, na fuskar gida da na rufin zaure, a babbar takarda, ka kai wa mai gida da hannunka. Sannan ka rubuta a littafinka daidai inda ka tsaya da ƙarfe nawa ne, misali gindin sandar lantarki, taku goma daga ƙofa, 11:30. Bayan damina mai zuwa ka koma wurin, ka tsaya a sawunka, ka sake ɗauka.